Gwaggo Atika da “Fayin” Ɗin Jikarta

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san cewa mai sauri ba ya bi ta ƙofar gidan Gwaggo Atika mai waina. Ba wai tana da faɗa ba. Gaisuwa ce matsalarta. Ka tsaya sayen waina, sai ta tambaye ka kwana, ta tambaye ka gajiya, ta tambayi maigidanka ko matarka, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har ta kai ga ƙafar kakarka da ta yi ciwo bara. 'Yan acaɓa kan kashe mashin in sun tsaya wajenta, don sun san man zai tafi a banza.

A Tudun Wadar aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Zulkiflu. Da tandar nan ta rene shi har ya zama mutum ya tafi Ingila aiki, ya yi iyali a can. Makarantar boko kam ko ƙofarta ba ta taɓa leƙawa ba. Amma tana da wani ra'ayi da ba ta sauka daga kai: mutum ba ya faɗin gaskiyar halinsa a tambayar farko. Kowa “lafiya lau” yake cewa, ko da cikinsa na murɗa. Sai an ja gaisuwar, an bi ta nan an bi ta can, sannan za ka ji an ce, “Sai dai fa...” Wannan “sai dai fa” ɗin take jira, kuma da ita ta gano auren da ke shirin mutuwa da zazzaɓin da ake ɓoyewa a unguwar ba adadi.

Jikarta Rauda ce ta gagare ta. Yarinyar can aka haife ta, Hausarta ba ta wuce “Gwaggo” da “na gode” ba. Duk Lahadi Zulkiflu kan kira ta wayar da ake ganin juna, ya miƙa wa yarinyar. Gwaggo ta jero gaisuwa, uban ya fassara, Rauda ta ce “fayin”, ta miƙa wayar ta gudu. Da can Gwaggo dariya take yi. To amma tun da suka koma wani sabon gari, sai ta lura yarinyar ba ta gudun ma, tana tsaye ne kawai ido a ƙasa. Ta tambayi Zulkiflu, ya ce ai ta ce fayin. Hankalin Gwaggo ya tashi ƙwarai. Ta tabbata wani abu na cin 'yar nan, ga shi babu hanyar da za ta kai gare shi.

Sai ta tari maƙwabciyarta Malama Bahijja, mai koyarwa a firamare.

“Malama, don Allah gaya mini gaskiya. Su Turawan nan, duk arzikinsu, kalma ɗaya tak suka mallaka ta amsa gaisuwa?”

“Haba Gwaggo, suna da yawa mana. Akwai gud, akwai oke, akwai olrayit.”

“Duk lafiya lau ke nan?”

“Duk ita ce.”

“To ashe rowa yarinyar take mini.”

Daga ranar kasuwanci ya canja salo. Duk mai ɗan boko da ya zo sayen waina, ba a zuba masa miya sai ya ajiye wata hanyar cewa “fayin”. Malam Salmanu, tsohon akawu da ya daɗe yana neman wanda zai saurari Turancinsa, ya gyara hula ya ba ta “sifilandid” da “mabalos”. Gwaggo ta ce waɗannan sun yi kama da sunan maganin tari, amma ta karɓa. Wata ɗaliba ta kawo “not bad”, da aka fassara mata sai ranta ya ɓaci: a ce Allah ya tashe ka lafiya, iyakar abin da za ka ce shi ne abin bai yi muni ba? Wani ya kawo “kant komplen”, wato ba zan yi ƙorafi ba, ta ce wa ya roƙe shi ya yi? Mai kemis na bakin titi ne ya ce “wi tank God”, nan ne ta ajiye cokalin juya waina ta ce yauwa, ashe akwai mai tarbiyya a cikinsu, ta ƙara masa biyu kyauta.

Tambayoyin kuwa Malama Bahijja ta koya mata. Nan ma an sha rigima, don Malama ta ce Bature ba ya tambayar gajiya. Gwaggo ta ce in shi bai tambaya, ita tana tambaya, a juya mata kawai. Haka unguwa ta wayi gari tana jin tsohuwa na zuba ƙullu tana maimaita “Hawu is tayadnes?” har yara suka ɗauka waƙa ce.

Ranar Lahadi da la'asar waya ta yi ƙara. Gwaggo ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce wa Zulkiflu ya gaya wa 'yarsa yau wasa za a yi: za ta yi tambaya, kuma ba a maimaita amsa. Kalmar da aka faɗa sau ɗaya ta mutu. Ta ce shi kuma kada ya sa baki.

“Rauda, hawu ar yu?”

Yarinyar ta zaro ido jin Turanci a bakin kakarta. “Fayin.”

“Fayin ya mutu. Hawu is tayadnes?”

Rauda ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda Gwaggo ta daɗe ba ta ji ba. “Gud.”

“Hawu is kol?” Wato ina sanyi.

“Oke.”

Aka tambayi abinci, aka tambayi mama, aka tambayi barci. Olrayit ta tafi, not bad ta bi ta, Gwaggo ta ɗan harari wayar amma ta haƙura. Da yarinyar ta fara lalube, Gwaggo ta ranta mata sifilandid, har Zulkiflu ya kasa riƙe dariyarsa.

“Hawu is sukul?”

Rauda ta buɗe baki ta rufe. Ta kalli sama, ta kalli ubanta. Kalmomi sun ƙare.

“Hawu is firen?” Gwaggo ta ƙara a hankali, wato ina ƙawaye.

Yarinyar ta dubi kakarta. Sai magana ta ɓalle, Turanci zalla, da sauri, da shessheƙa, hawaye na bin kumatu. Gwaggo ta kasa kunne iyakar ƙarfinta. Ba gud a ciki, ba oke, babu ko ɗaya daga abin da ta tara a bakin tanda. Abin da ta sha wahalar nema ya zo, kuma ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Tausayi ya cika ta, ta riƙa cewa “ayya”, “sannu”, “ayya 'yar nan”, yarinyar kuwa ta ci gaba kamar ana fahimtarta.

Da ta lafa, Gwaggo ta ce, “Zulkiflu, me ta ce?”

Ya ce, “Inna, wai tun da muka dawo garin nan ita kaɗai take cin abinci a makaranta. Ba mai zama kusa da ita. Wallahi ban sani ba.”

Gwaggo ta goge ido da bakin ɗankwali.

“To yanzu ka sani. Ajiye wayar nan ka zauna kusa da ita, ba ta gama ba.”