Kwalbar Saman Kabad

A layinsu Magini ake ce masa, alhali tunda yake bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Gidajen da yake ginawa ko ɓera ba zai miƙe ƙafa a cikinsu ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin masu zanen gine-gine. In an zana asibiti ko makaranta a takarda, shi ne zai fitar da ƙaramin samfurinta da kwali da katako mai laushi, a ɗora a tebur a nuna wa masu aikin. Da ya yi ritaya sai ya kwaso rezojinsa da burusansa ya mamaye ɗakin baya, har keken ɗinkin matarsa sai da ya koma baranda. In baƙi suka tambayi inda yake sai ta ce, "Yana ciki yana gini. Gida ɗari ya gina, ga mu nan muna haya."

Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa, musamman a kan man sheƙi, wato ruwan nan da ake shafawa daga ƙarshe don ya kare fenti daga ƙura da dushewa. Irin na ruwa yake amfani da shi, wanda a kwalba fari ne kamar madara, in ya bushe ya koma garau. Duk kwalbar da ya buɗe sai ya rubuta ranar a jikinta. Yakan goge bakinta kafin ya rufe, ya ajiye ta a akwati ƙarƙashin tebur inda rana ba ta kaiwa, in ta shekara biyu ya jefar ko da rabi ne ya rage. Ba ya girgizawa, sai dai ya juya da tsinke a hankali. Kuma ba ya shafa wa aiki sai ya gwada a bayan cokalin roba ya bar shi ya kwana. Duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha wannan karatun, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Kwalba ɗaya ce ba ta shiga dokar ba. Ranar da zai bar aiki maigidansa ya ba shi ita, 'yar ƙarama, mai tsada, irin wadda ba a samu a shagunan kusa. Magini ya ce wannan sai babban aiki. Don kada wani ya taɓa masa, ya hau kujera ya tura ta can saman kabad, bayan akwatin tafiya, daf da rufi, wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan in rana ta take. Ga dai mai ilimin abu, ga kuma wautar da ko ɗan koyo ba zai yi ba. A ganinsa kwalbar da ba a buɗe ba ba ta tsufa. Shekara tara tana can tana dahuwa, shi kuwa yana ta yi wa mutane aiki da mai arha sabo, ayyukan suna fita lafiya lau.

Babban aikin ya zo ne ta hanyar da bai so ba. Yayarsa ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya shi, kuma har yau da furfurarsa Auta take ce masa. Idonta na hagu ya riga ya tafi, na daman kuma likita ya ce yana rufewa a hankali, ba abin da za a iya yi. Gidan da aka haife su an rushe shi tun tuni an shimfiɗa titi, ko hoto ɗaya ba su da shi. Wata rana ya je gaishe ta, suna cikin hira ta ce, "Auta, ka san abin da nake so in ƙara gani? Ƙofar gidanmu. Shuɗin nan da Baba yake shafa mata duk shekara."

Ya dawo gida ya share tebur.

Wata uku ya yi yana haɗa ƙaramin samfurin gidan nasu. Ya fitar da ƙofar, ya haɗa shuɗin sau bakwai kafin ya yi masa daidai da wanda ke cikin kansa. Ya yi famfon tsakar gida da guntun waya, ya yi bishiyar gwaiba, ya yi tsagewar bangon ɗakin girki, har ƙusar da mahaifiyarsu take rataye matankaɗi. Sau biyu Yaya tana bugo waya. "An ce kana gina mana gida. Ba za ka kawo in leƙa ba?" Shi kuma ya ce, "Ba a nuna aiki rabi, Yaya. Saura kaɗan." Matarsa ta ce, "Malam, ka kai mata haka nan mana. Idon nan ba jiranka zai yi ba." Ya ce rufin bai yi masa ba, ya ɓalle shi ya sake sabo. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Kullum da safe in ya ɗauki burushi sai ya tuna da ita, ya ƙara sauri, saurin kuma ya jawo kuskure, ya koma gyara.

Ranar Alhamis da hantsi 'yar Yaya ta kira. Jibi Asabar za ta biyo da ita su gaisa, Lahadi kuma za ta tafi da ita can garin da take aure, don ba za a ƙara barinta ita kaɗai ba. Tafiyar kwana guda ce a mota.

Magini ya ajiye wayar, ya hau kujera ya sauko da kwalbar. Da ƙyar murfin ya buɗe. Ruwa tsararo a sama, wani dunƙule a ƙasa, ga ɗan warin tsami da hancinsa ya ji sarai ya yi kamar bai ji ba. Ya sa tsinke ya yi ta juyawa har suka haɗu. Da ya ɗago tsinken sai abin ya biyo shi da yauƙi.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa. "Ba za ka gwada a cokali ba?"

"In na gwada sai gobe. In na shafa gobe, yaushe zai bushe? Kuma kin ga girman kwalbar, ɗigo ɗaya ba na zubarwa ba ne."

"Ga sabo nan a akwatinka."

"Wannan na aikin mutane ne," in ji shi. "Na Yaya ba zan sa masa na kowa da kowa ba."

Ya shafe gidan kaf, tun daga katanga har rufi, ya kifa masa babban kwali don ƙura, ya ja ƙofa.

Da safe ya ɗaga kwalin. Gidan ya yi fari fat kamar an watsa masa ruwan alli. Gwaibar ta zama toka, tsagewar bangon ta ɓace, shuɗin ƙofar kuwa sai ka ƙura ido za ka hango shi can ƙasa. Ya taɓa gefen katanga da farce, ya ji danƙo. Ya kunna fanka ya saita ta a kai, ya kashe don kada ta kawo ƙura, ya sake kunnawa. Shayin da aka kawo masa nan ya huce.

Ya sa kwalbar a aljihu ya tafi wurin mai shagon fenti. Mutumin ya shinshina, ya kifa ta ya karanta gindinta, ya dube shi. "Haba Baba Magini! Kai da kake koya mana? Wannan ai ya mutu tun shekara shida da suka wuce. A ina ka ajiye shi, cikin tanda?"

"Ka bar wannan. Akwai dabara?"

"Ka gwada shafa sabo a kai, wani lokaci yana washewa. In bai yi ba sai dai ka wanke da sifirit, amma fa har fentin zai tafi."

Ya dawo gida ya gwada sabon a bangon baya, ya zauna yana gadinsa har la'asar. Farin ko gezau. Ya jiƙa auduga da sifirit ya kai hannu wajen ƙofar, sai kuma ya janye. In ya goge, katako tsirara zai nuna mata. In ya bari, wannan abin kunyar. Tsoro ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta kai da komo tsakanin tebur da taga.

Asabar da hantsi mota ta tsaya. 'Yar Yaya ta shigo riƙe da hannun uwarta, tana ce mata ga dakali, ga ƙofa. Aka zaunar da ita a gaban tebur. Magini ya buɗe taga gaba ɗaya, ya tsaya a bayanta.

"Yaya, kafin ki duba, akwai abin da ya faru. Man da na shafa ne ya..."

"Ina yake?" in ji ta. Fuskarta na kallon bango, can gefe da gidan.

Ya dubi 'yarta. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Kawu, yau sati uku ke nan. Haske kawai take gani. Ta hana in faɗa maka, wai kada ka rikice ka ɓata aikinka."

Sati uku. Ya ƙirga a ransa. A lokacin gidan yana nan a gama, da shuɗinsa da komai, rufi kawai yake sakewa. Ya durƙusa kusa da kujerar Yaya.

"To miƙo mini mana," in ji Yaya. "Ka tsaya kana huci kamar wanda aka koro."

Ya kama hannunta ya ɗora a kan katangar. Yatsunta suka manne, ta ɗaga ta sake sawa. "Kai Auta, me ka zuba masa, zuma?" Ta yi dariya, ta ci gaba da lalube. Ta sami famfon, ta sami gwaibar, duk inda ta bi sai ta bar shaidar yatsa a jikin danƙon. A bakin ɗakin mahaifiyarsu ta tsaya. "Matakala uku ce nan, ba biyu ba. A ta ukun ka fasa haɓa."

"Haka ne, Yaya."

Ta koma baya da yatsa ɗaya har ta isa ƙofar gida, ta shafa ta daga sama zuwa ƙasa, ta daɗe a nan.

"Ka samu shuɗin kuwa?"

Magini ya dubi farar ƙofar, da zanen yatsarta kwance a tsakiya.

"Na samu," in ji shi. "Irin na Baba sak."