Sadisu Mai Keke da Ajin Laraba

Sadisu maƙwabcinmu ne a Gwagwalada, keke napep yake tuƙawa. Ya yi shekara biyu a jami'a yana karatun falsafar siyasa, sai mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne da tsohuwa. Ya ajiye karatun da niyyar komawa. Yanzu furfura ta fara fito masa.

Sauran direbobi sun fi son hanyar kasuwa, shi kuwa ba ya barin ta jami'a. Da ɗalibi ya shiga sai ya tambaye shi abin da yake karantawa. In ya ji falsafa, sai ya rage gudu.

"Me ya sa mutum zai bi gwamnatin da bai zaɓa ba? Nan muka tsaya. Yanzu me malamanku suke cewa?"

"Oga, taka mana, mun makara."

Bara ya ɗauki Obadiah, abokin karatunsa, wanda yanzu shi ke koyar da darasin. Daga tambayar nan tasa Obadiah ya gane shi.

"Sadisu, har yanzu kana nan? Ka zo ajina ran Laraba ka zauna a baya, ba mai korar ka."

Ran Laraba ya sa farar shadda, ya isa ƙofar jami'a inda kekuna ke juyawa, ya kashe inji. Can wata mata ta zo da kaya, ta ce cikin gari za ta. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce ta shigo.

Har yau bai shiga ajin ba, amma duk Laraba shaddar yake sawa.