Keken Kyamarar Maigidana

Da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar sayar da albasa a kasuwar Ose, nan Kudu, sai ya koma ɗaukar bidiyon biki a unguwar Fegge. Ya ga masu fim suna tura kyamara a kan wani keke, ya ce shi ma zai ƙera nasa. Ya haɗa katako da tayoyin tsohon akwati, ya shimfiɗa bututun ruwa biyu a ƙasa don tayoyin su bi ta kai. Amma da ya tura, sai hoton ya kama rawa. Ya ɗora buhun albasa don nauyi, buhun ya zame.

"Hajiya, zo ki hau," ya ce. "Kin fi buhun nan natsuwa."

"Yanzu da albasa kake auna ni?" na ce. Na dai hau, hoton ya daina rawa. Haka muka riƙa zuwa bukukuwa tare.

Yanzu yara sun koma Arewa. Maƙwabciyata ce ke kunna mini bidiyon bukukuwan da ya ɗauka, ina neman fuskarsa. Fuskar ba ta ciki, don kullum yana baya yana turi. Amma in hoton ya tafi sumul, na san hannunsa ne. Sai in share hawaye, in ce ta maimaita mini wurin.