Zannuwan da Ke Adakar Inna

Ni tela ce. Shekara da shekaru ina taka keke a wani lungu kusa da Ƙofar Kuyambana, ina ɗinka abin da mutane suke so. Wata rana na kai wa wata malamar makaranta ɗinkinta a Wusasa, na tarar da wani bargo rataye a bangon falonta, an harhaɗa ƙyallaye har hoton gona ya fito. Ta ce ba na rufa ba ne, na kallo ne. Tun daga ranar na ƙudurta sai na ɗinka tsakar gidanmu haka, domin yayyena sun fara maganar a rushe ginin ƙasar a zuba bulo.

A bayan takardar buhun siminti na fara zanawa. Na farkon ya fito kamar kaji sun yi tono. Sai a na biyar rijiya ta zauna inda take, ga ɗakin Inna da rumfarsa, ga lemun tsami a gefen madafa. Na yanka hoton gida-gida, kowane yanki da lambarsa.

Wajen zaɓen ƙyalle na cije. Ina da buhu guda na ragowar atamfar mutane, amma duk ihu suke yi wa ido, gidanmu kuwa ba mai hayaniya ba ne. Launin da nake nema yana cikin adakar Inna. Akwai wani shuɗin zani na rini da wanki ya kashe wa kaifi, shi ne sama. Akwai saƙi mai ruwan ƙasa, shi ne katanga. Kusa da kowace lamba na rubuta zanin da zai zauna a wurin, sannan na je na roƙe ta.

"Ina raye za ki sa wa zanina almakashi?" in ji ta. "Bari in tafi tukuna, ki yi yadda kike so."

Dariya take yi, ni kuwa na fita ina ƙunƙuni.

Bayan damina biyu ta rasu. Ranar sadakar uku Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta buɗe adakar a gaban mata cike da ɗaki. Ta ce mazan duk sun yafe rabonsu na suturar, a bayar sadaka ladan ya isa ga mamaciya. Sai ta juyo kaina.

"Ke fa, kin yafe naki?"

Ta yaya zan buɗe baki a gaban masu ta'aziyya in ce a'a, ni yayyanka su zan yi in rataya a bango? Na sunkuyar da kai na ce na yafe. Kafin la'asar adaka ta koma fanko. Ban ga laifin Gwaggo ba, kaina nake jin haushi har yau.

Na zaga kasuwa na sayo masu kama da su. Na jiƙa, na wanke, na shanya a rana sati guda. Sun koɗe, amma ba su zama na Inna ba. Ina cikin wannan wahalar banza aka rushe rumfar, aka sare lemun.

Rannan wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo shagona da ƙunshi a hannu. Tana kwancewa na ga shuɗin nan. Ƙusa ce ta yage mata shi, take so in kama mata bakin. Na shimfiɗa shi a kan keke. Ƙyalle kamar tafin hannu ma da ya ishe ni, kuma na san in na roƙa za ta ba ni duka. Amma sadaka ce, da bakina na bayar.

Ina ɗinki tana yi wa Inna addu'a, tana faɗin yadda zanin yake da daɗin ɗauri. Na ce amin, na ninke shi, na miƙa mata.