Zoben Isufu a Ƙafar Shamuwa

Tashi daga Yamai

Ana kiran sallar asuba a unguwarmu Gaweye muka ja ƙofa, ni da autana Isufu. Ni Hadiza ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma ba a taɓa ba ni labari na zubar da rabinsa a hanya ba. Ina faɗa ne matar Isufu tana rubutawa, don 'yan'uwa su ji daga bakina.

Ga abin da ya tayar da ni. Tun da aka samu mulkin kai Isufu yake aiki da masu binciken tsuntsaye. So suke su gane inda tsuntsu yake zuwa in ya bar mu, da abin da ke hana shi dawowa, ko ƙarancin ruwan sama ne, ko saran daji. Damina biyu a jere ya je ƙauyenmu, kudu da Maraɗi, ya hau itace ya sa wa 'ya'yan shamuwa zoben ƙarfe a ƙafa. To bana lokaci ya yi, shamuwa ko ɗaya ba ta sauka garin ba, mu kuwa ba ma shuka da kwanciyar rai sai ta zo ta ɗora sheƙa. Sai yayana Ɗan Baƙo ya aiko wani ɗan kasuwa da saƙon baka: mutanen gari sun ce ƙarfen ɗana ne ya kashe tsuntsayen a hanya, ya kore musu damina, kada ni ko shi mu ƙara taka garin. Garin da aka binne cibiyata!

A tasha muka samu kamyo, babbar motar ɗaukar gishiri, mai zuwa Maraɗi. Mai tuƙin Bazabarme ne, ya dube ni ya ce, “Inna, bayan mota zai karya ki.” Na ce, “Shi ya sa zan zauna gaba, ɗan nan. Matsa.” Ya yi dariya ya matsa.

Doso

Rana ta ɗaga muka iso shingen jandarma. Wani dogo ya ga madubin hangen nesa a wuyan Isufu, ya ce me yake leƙe da shi. Isufu ya miƙa masa, ya nuna masa kan wata tsamiya. Jandarma ya ɗora a ido, ya ja da baya kamar za a tsone shi. “Kai! Shamuwa ce har ƙwayar idonta!” Sai da mai tuƙi ya yi ta danna oda kafin jandarman ya mayar da madubin.

Ashe dai ta zo bana, garinmu ne ta ƙi. Muka ci dambun zogale, ni dai bai wuce mini da daɗi ba. Na ce, “Isufu, tsakaninka da Allah, zoben nan yana kisa?” Ya ce, “Bai fi ɗan kunnenki nauyi ba, Inna.” Na ce ba nauyi na tambaya ba. Ya ce, “Ba zan rantse ba. Ban taɓa ganin wadda na sa wa ta dawo ba tukuna.” Yaron nan ko ƙaryar kwantar wa uwa da hankali bai iya ba.

Dogon Dutsi zuwa Maraɗi

Mun kwana Dogon Dutsi gidan wata Ba'ara 'yar asalin yankin, mai tuwon sayarwa, ta shimfiɗa mini tabarmarta ta kanta. Daga nan hanya ta zama ta jan ƙasa mai kunya-kunya kamar gona, haƙoran da suka rage mini suna ta gaisawa da juna. Duk garin da muka tsaya Isufu sai ya bi ƙafafun shamuwa da madubi. Birnin Ƙonni babu zobe. Galmi babu zobe, sai albasa kamar a ba ka kyauta. Madawa ma haka.

Abin da na lura, hanyar da na sani da duhuwa ta zama fili. Gonar gyaɗa ta bi gonar gyaɗa, kututture ko'ina. Isufu ya ce abin da suke dubawa ke nan: in babu babban itace babu wurin sheƙa, in fadama ta bushe babu fara da kwaɗin ciyar da 'ya'ya.

Ƙauyenmu

Daga Maraɗi jaki muka ɗauka. Mun shiga da hantsi, maza suna zaune ƙofar masallaci. Na yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Ni da a da in na sauka sai an rasa wanda zai riƙe mini ƙunshi! Yaya Ɗan Baƙo ya taso ya ce, “Hadiza, ba a gaya miki ba?” Na ce, “An gaya mini, Yaya. Na zo in ji da kunnena.” Isufu ya durƙusa ya ce, “Kawu, ina kwana.” Ya kau da kai.

Na waiwaya bayan gari inda manyan gawo da kanya suke, waɗanda shamuwa ke sauka tun ina yarinya. Wayam. An share wurin an yi kunyoyi.

Muna tsaye a rana sai ga wata mai fura daga ƙauyen da ke gaba da mu, taubasanmu ne tun kakanni, ba ma haɗuwa ba tsiya. Ta sauke ƙwarya ta ce, “Bayina, me ya same ku kuka yi zuru-zuru? Ko kewar amarenku ce?” Wani ya ce waɗanne amare. Ta ce, “Shamuwarku masu munduwa a ƙafa mana. Kun yi musu ado sun yi yaji, ga su can kan tsamiyarmu har da ƙwai.”

Na zauna kan turmin wani. Isufu kuwa har ya kama hanya.

Ƙarƙashin tsamiya

Gari guda muka ɗunguma, tsofaffi suna haki. Tun daga nesa muka ga sheƙuna jere, baƙaƙen tsuntsaye masu farin ciki suna kai da kawowa da kara a baki. Isufu ya duba ya duba, sannan ya ba kawunsa madubin. Yaya ya riƙe shi ta baya, aka juya masa. Can ya ce, “Ga ƙarfen nan yana walƙiya. Tana tsaye a kan ƙafar ma, ja'ira.”

Liman ya ce, “To me ya kawo su nan?” Isufu ya sunkuyar da kai don kunyar manya. Ni ba ni da wannan ciwon. Na ce, “Yaya, wa ya sare gawon bayan gari?” Ya shafa gemu ya ce, “Gyaɗa ta yi daraja, Hadiza. Duk mun sa gatari.” Taubasai suka fashe da dariya, maigarinsu ya ce ba za su mayar da amare ba sai an yi musu ɗaki.

A hanyar komawa Yaya ya jera da Isufu, na ji yana cewa, “Ɗana, wane itace ya fi saurin girma?” Ran nan a ɗakin uwarmu na kwana, aka yanka mini zakara, matan da suka ɓuya da safe suka zo da ƙorai suna cewa ba su ji shigowata ba. Na bar su da ƙaryarsu, na ci naman.

Komawa gida

Ruwan farko ya tare mu bayan Madawa, kamyo ya kafe cikin laka yini guda, fasinja suna zagi, ni ina waƙa. Da muka hango kogin Kwara na ce alhamdu lillahi, Allah da Ya fitar da ɗana kunya. Na gode wa Bazabarmen da ya ba ni gaban mota, da Ba'arar da ta bar mini tabarma, da mai furar nan mai bakin tsiya, Allah Ya sa furarta ta riƙa ƙarewa kafin azahar. Da kaka zan koma ƙauye, ta ƙofar masallaci zan shiga, rana tsaka, Isufu a gabana.