Malam Mika da Rubutu Mai Kauri

Jama'a a gyara zama, a kashe rediyo! Ga Malam Mika ɗan Wusasa, sarkin alli na Nassarawa GRA, mai koyar da Bayoloji a garejin Alhajin da Babana ke tuƙa wa mota.

Tun ban iya ɗaura wando ba yake koyarwa. Da safe yana wata makarantar kuɗi, da la'asar kuma ya tara irinmu da jarrabawa ta kayar. Ba ya duka, ba ya makara. Matsalarsa ɗaya ce, kwamfutar da 'yarsa Joan ta bar masa. Tunda ya gano inda ake kaurara rubutu muka shiga uku.

A takardar darasi ta farko, duk abin da ya kaurara shi ne muhimmi. Na ce madalla, an rage mana aiki. A ta biyu sai ya koma jan layi, kaurin ya zama na kanun darasi. Wata takardar kuwa manyan baƙaƙe ne daga sama har ƙasa, kamar yana yi mana ihu. Ni dai na riƙe dokar farko, mai kauri kawai nake haddacewa.

Baba ya riga ya rantse: in na faɗi gwajin Malam, ba zai sake yi min rajista ba, sai dai in tafi Ringim noman gyaɗa wajen Kawu.

Ranar gwaji na zuba abin da na haddace. Jemage tsuntsu ne. Gizo-gizo ƙafarsa shida. Har na riga kowa fita ina fito.

Ashe a shafin da na haddace, abin da ya kaurara kurakuran da ɗalibai suka saba yi ne!

Da sakamako ya fito, na ɗauki shafin na sami Malam yana goge allo.

"Malam, tsakani da Allah, wa ke yi wa ƙarya ado? Jiya kauri gaskiya ne, yau kauri ƙarya ne, gobe kuma fa?"

Ya ci gaba da goge allonsa.

"Don Allah ka zo ka gaya wa Baba laifin takarda ne. Malam, ka dube ni, na yi kama da mai riƙe fartanya?"

Ya kaɗe allin hannunsa, ya nuna min wani siririn layi a saman shafin.

"Ga shi nan na rubuta kada a yi su, Badaru. Siririn ma rubutu ne. Ka gaida Kawun naka."