Malam Hayatu, Mai Ɓacewa a Madadin Yara

Duk mai sallar asuba a masallacin bakin tasha a Anka ya san Malam Hayatu. Ana sallamewa ba ya tsayawa hira. Gida zai koma ya sha kunu a tsaye, ya turo tsohon babur ɗinsa da sai an gangara da shi yake tashi, ya ɗaure lasifika a baya da igiyar roba, ya kama hanya. Yau Gummi, gobe Bukkuyum, jibi wata makarantar ƙauye da ko ƙyaure ba ta da shi. Yana isa zai tara yara a gindin icce ya ce kowa ya ba shi labari. Wanda ya iya, ya kai shi gaba. Wanda bai iya ba ya ce masa, "Naka da saura, koma wurin kakarka ta ƙara maka gishiri."

Shi ne wakilin gasar ba da labari ta matasa ta ƙasa a wannan yanki namu. Sunan aikin ne babba, amma ba ofis ba mota. Malamin firamare ne, wannan kuwa shi ya ɗora wa kansa.

In ka dubi wuyan rigar da yake fita aiki da ita, za ka ga zare kala-kala a ɗaure jikin maɓalli, ya taru ya yi tuntu kamar jelar doki. Baƙi suna zaton sakacin matarsa ne. Ba ruwan Hafsa, ta sha ɗauko almakashi yana hanawa. Labarin zaren nan shi ya sa na zauna rubutu, duk da ni da biro ba shiri muke ba.

Shekarar da aka fara kawo gasar, masu ita suka ce da rana za a yi. Gaskiyarsu, tun da hanyoyinmu suka lalace ba mai tara yara bayan magariba. To amma kowa a nan ya tashi da jin cewa wanda ya yi tatsuniya da rana ɓacewa zai yi. Tsofaffi mata suka ce yaransu ba su zuwa. Shugabarsu a wannan tawaye ita ce Goggo Dije ta Zugu, wadda take riƙon Husaina, ɗiyar ƙaninta. Husaina kuwa ita ce yarinyar da Malam ya fi sa rai a kanta, don in tana labari har awaki kan daina tuƙa.

Malam ya ɗauko Liman takanas ya kai mata. Liman ya yi bayani mai kyau, ya ce wannan camfi ne, ba shi da tushe a addini.

Goggo ta ce, "Awo, Liman, na san camhi na. Ai shi yas sa nike tsoro nai."

Liman ya nemi takalmansa.

Kada wani ya yi wa tsohuwar nan dariya da yawa. Uban Husaina, Makau, da rana tsaka ya hau babur ya bar Zugu, har yau ba a ga ko hularsa ba. A wurin Goggo ɓata ba wasan yara ba ne. Malam Hayatu ya san haka, shi ya sa bai yi gardama da ita ba. Cewa ya yi tunda dare take so, zai kawo mata dare.

Ya bi gida-gida yana aron barguna, tabarmi da buhuna, har da tamfol na masu niƙan dutse. Aka rufe tagogin babban ajin makaranta ruf, aka kunna fitilun ƙwai. A tsakiyar bazara, ƙarƙashin kwano! Goggo ta shigo da sandarta tana duba aiki. Ta ɗaga kai ta hango hudar ƙusa a rufi.

"Hayatu, ga rana can tana leƙe."

Aka hau aka cusa tsumma.

Alƙalin da aka turo daga Gusau ya shigo da kwat. Kafin yaro na biyu ya gama ya cire kwat, ya cire ta ciki, ya zauna da singileti yana fifita da murfin kwano. Ana tsaka da haka wani zakara ya yi cara a bayan aji. Goggo ta miƙe ta ce gari ya waye, kowa ya tashi. Da ƙyar aka zaunar da ita. Nababa direba, wanda ya kawo yaran Gummi, shi ya wuni a rana riƙe da bakin zakaran nan. Yana nan da ransa, a tambaye shi, har tabon tsattsaga zai nuna.

Husaina ta ci a yanki, ta ci a jiha, can ma sai da aka kai barguna. Saura Abuja. Can kuwa ɗakin taron rabinsa gilashi ne, ga masu ɗaukar talabijin da fitilunsu, ko bargunan Zamfara duka aka kwasa ba su rufe shi. Goggo ta ce magana ta ƙare. Husaina ta shige ɗaki ta daina cin tuwo. In ba ta je ba, gurbin yankinmu ya tafi, wahalar bargo da zakara ta tashi a banza.

Malam ya koma Zugu, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Goggo.

"Goggo, wanga ɓata da kike tsoro, dole sai kan yarinya shika sauka?"

"To kan wa kaka so shi sauka?"

"Kaina. Ni nis sa ta, ni ad da laihi. In akwai ɓata, ni in ɓace."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ko naman kirki babu gare ka, ɓata shi ɗauke ka shi kai ina?"

"Ko ina shika so, Goggo."

Sai ta kira Husaina, ta zare zare ɗaya daga gefen mayafinta, ta ɗaure a maɓallin rigar Malam, ta ja ƙulli da haƙori. Ta ce, "Na aza maka. Ku tahi."

Husaina ta tsaya gaban manyan mutane da rana tsaka ta yi labarinta, ɗaki ya ɗauki tafi. Kafin a faɗi sakamako aka ba da hutu, Malam ya ce bari ya leƙa kasuwa ya sayo wa Hafsa tsaraba. Mutumin da ya san kowace ƙaramar hanya tsakanin Anka da Bukkuyum, ya shiga kasuwar Abuja ta wannan ƙofa, ya fita ta wata, ya ga duniya ta canza. Waya ba caji. Sunan ɗakin taron ya gudu daga kansa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Wani babban gida mai gilashi." A Abuja!

Aka kira Husaina ta zo ta biyu a ƙasa baki ɗaya, aka nemi malaminta ya hau a yi hoto, babu shi. Sai bayan la'asar Nababa ya tsinto shi a rumfar wani mai shayi, rungume da turmin atamfa, ido ya yi zuru-zuru.

Aka buga wa Goggo waya aka ce Husaina ta zo ta biyu. Ta ce, "Shi fa Hayatu?"

Aka ce ya ɓace, amma an gane shi.

"Alhamdu lillahi. Yaron kirki, ya cika alkawali."

Labari ya bazu. Shekara na zagayowa ba wanda ya nemi bargo. Kowace tsohuwa ta zo da jikanta da zarenta, Malam ya miƙa wuya. Aka yi gasa a Gummi da rana, tagogi a buɗe, zakaru suka yi cararsu. Sai dai an gama lafiya Malam bai ɓace ba, tsofaffi suka tayar da hankali, wai abin yana nan yana shawagi a kan yara. Dole ya zagaya bayan kasuwar Gummi ya zauna a rumfar masu gyaran rediyo har aka yi cigiyarsa da lasifikarsa. Tun daga nan ya zama ƙa'ida: ranar gasa, in an watse, Malam Hayatu zai ɓace. Liman ya ce masa yana ƙara wa camfi ƙarfi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka ci gaba da wa'azi, ni in ci gaba da ɓata. Wanda ya riga gamawa ya taimaki ɗan'uwansa."

Malam Hayatu, kai ne mai kawo dare da azahar. Kai ne ka ga tsoron tsohuwa ba ka raina shi ba, ka ɗauka ka rataya a wuya. Yaran da ko gaisuwa ba sa iya ɗaga kai su yi, yau suna riƙe makirfo gaban gwamnoni ba rawar murya. Husaina tana koyarwa a Bukkuyum. Hotonta na Abuja yana rataye a ɗakin Goggo, ba ka ciki, kuma kowa ya san dalili. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ranar da za a nemi mutanen kirki a same ka ba cigiya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Bana Malam ya yi ritaya, gwiwa ta ƙi, babur ma ya ƙi. Gasa na tafe, tsofaffi sun fara zare mayafai. Masu digiri sun cika garin nan, kowa na son a kira shi wakili, amma da an ambaci zare sai ka ga mutum yana gyara wuyan riga yana duba agogo. Ba ilimi mai yawa aikin yake nema ba, riga mai maɓalli ce da mutumin da ya yarda a neme shi a rasa don yaron wani ya yi magana. Wanda ya shirya ya je Zugu. Goggo Dije tana nan, haƙoran da take ƙulli da su ba su zube ba.